Sa'o'i 29 Kafin Makari: Nazarin Saran Kububuwa a Kudancin Gombe

## Mutumin da garinsu

Manomi ne ɗan shekara 34, mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, a wani ƙauye da ke kudancin Jihar Gombe, inda duwatsu suka kewaye gonaki. Dawa da gyaɗa da wake yake nomawa. Ba shi da hawan jini, ba shi da ciwon suga, bai taɓa kwanciya asibiti ba. Daga ƙauyensu zuwa ƙaramin asibiti mafi kusa kilomita 9 ne a kan hanyar da damina ta zaizaye, zuwa asibitin masu saran maciji na Kaltungo kuwa kusan kilomita 45. Abin da ke cikin wannan rubutu daga bakinsa na ji shi, da bakin ƙanensa da matarsa da ma'aikaciyar jinyar da ta fara duba shi, sai kuma abin da ke rubuce a katinsa na asibiti. Sun yarda a rubuta bisa sharaɗin kada a faɗi suna.

Macijin da ya fi addabar wannan yanki kububuwa ce, wadda masana ke kira Echis ocellatus. Gajeriya ce, yawanci santimita 30 zuwa 60, launinta irin na ƙasa da ɗigo-ɗigon fari a baya, ta yadda in ta lafe cikin busasshen ganye ko mai kaifin ido sai ya taka ta. In an takura mata takan naɗe tana goga jikinta, a ji sauti kamar an yayyafa ruwa a kaskon da ya ɗauki zafi. A ƙasar noma ta Afirka ta Yamma babu macijin da ya kai ta kisa, kuma inda babu makarin dafi, mutum 10 zuwa 20 cikin 100 da ta sara sukan rasu. Ita ake wa laƙabi da gobe-da-nisa. Sara ya fi yawa lokacin shuka da lokacin girbi.

## Laraba, ƙarfe 5:40 na yamma

Ƙarshen watan Oktoba ne. An cire gyaɗa, harawa na nan tsibi-tsibi a gona, shi da ƙanensa suna ɗaure ta dami-dami kafin a saki dabbobi. Silifas ne a ƙafarsa. Ya sa ƙafa ya ture wani tsibi, sai ya ji kamar an caka masa ƙaya biyu lokaci guda a saman ƙafar dama, ɗan ƙasa da idon sawu. Ya ce bai ji sautin gargaɗin nan ba sam. Da ya duba sai ga ta a naɗe.

Ƙanen ya yi abin da ya taso ya ga ana yi. Ya ɗauko robar tayar keke da suke ɗaure dami da ita, ya ɗaure ƙafar tamau a ƙasan gwiwa, zagaye uku. Sannan ya bar yayan a zaune ya bi macijiyar da fartanya. Ta shige ƙarƙashin harawa, sai da ya ɓata minti 20 yana tono kafin ya kashe ta ya jefa a buhu. Babu abin hawa a gonar, don haka a ƙafa suka taho, kilomita ɗaya da rabi, yana ɗingishi yana dafe da kafaɗar ƙanen. Sun shiga gari an idar da sallar magariba.

## Daren Laraba: tsaga, dutse da jiƙo

Nan da nan labari ya zaga gari cewa igiya ta taɓa wane, don ba a cika ambaton sunan maciji ba in ya yi sara. Mahaifinsa ya aika a kira mai maganin maciji daga ƙauyen da ke gaba, dattijo ne da ya gaji sana'ar, kuma akwai mutane da dama a yankin da za su rantse shi ya warkar da su. Ya iso wajen ƙarfe 7:30. Ya leƙa buhu ya ce kububuwa ce. Ya ɓare sabuwar reza ya yi tsaga shida kewaye da inda haƙoran suka shiga, ya matse jini, ya ɗora baƙin dutse. Dutsen ya manne.

"Ga shi nan ya kama," in ji shi. "Yana zuƙe dafin. In ya ƙoshi da kansa zai faɗi."

Ya ba shi jiƙon wani sassaƙe. Ya yi amai sau biyu, 'yan gida suka ce alhamdu lillahi, dafi ne ke fita. Kafin ya tafi ya ce a ba magani kwana uku, kada a kai shi ko'ina. Sai ƙarfe 9:00 aka kwance robar, bayan ta fi sa'a uku a ɗaure. A lokacin ƙafar ta yi duhu, yatsun sun yi sanyi, ba ya jin su.

Matar ce ta kwana a kansa. Dutsen ya faɗi tsakar dare, aka ɗauka aikinsa ya ƙare, amma tsagar ba ta daina tsattsafo da jini ba. Ta yagi tsohon zane ta ɗaure, ya jiƙe, ta sake, ya jiƙe, sau uku kafin asuba. Abin da ya tsaya mata a rai, ta ce, shi ne jinin da ya taru a tasar da ta tara ƙarƙashin ƙafar. Ta sha ganin jinin yanka da na haihuwa, ta san in ya jima yakan yi gudaji. Wannan har gari ya waye yana nan tsararo kamar zoɓo.

## Alhamis, daga safe zuwa la'asar

Da ya goge baki da asuwaki ya tofar, sai yawun ya fito ja. Wani daga cikin masu zuwa dubiya ya ce goro ne. Bai ci goro ba tun safiyar jiya. Kumburi ya kai gwiwa, kaluluwa ta taso a matsematsi. Duk da haka ya tashi zaune, ya sha kunu, yana amsa gaisuwa da muryarsa garau: "Jiki da sauƙi, mun gode Allah." Wannan ya kwantar wa kowa da hankali.

Dafin kububuwa ba ya fara taɓa numfashi ko hankali. A jini yake aikinsa, ta hanya biyu. Yana tayar da sinadaran da ke daskarar da jini, su yi ta aiki a banza cikin jiki har su ƙare, a bar mutum da jinin da ba shi da abin daskarewa. Kuma yana cin bangon ƙananan jijiyoyin jini, su fara yoyo. Daga nan duk inda jinin ya sami kafa sai ya bi: dasashi, tsohon miki, hanji, mafitsara, mafi muni kuma cikin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mutuwar, in ta zo, ba kasafai take zuwa a ranar ba. Takan ɗauki kwanaki, mutum yana zaune ana hira da shi.

Ƙarfe 10:00 zafin ƙafar ya tsananta, aka kira mai kemis ɗin garin. Ya yi masa allurar diclofenac a ɗuwawu, ya bar masa ƙwayoyin ibuprofen. Zafin ya lafa. Zuwa azahar wurin allurar ya kumbura kamar lemo, jini na fitowa ta ramin allurar. Ƙarfe 3:00 ya yi fitsari ja. Da ya miƙe zai koma ɗaki jiri ya kwashe shi ya zube a tsakar gida.

A nan aka fara kai-komo. Ƙanen ya durƙusa gaban mahaifinsu.

"Baba, ka yi haƙuri, jinin nan na Yaya ba ya tsayawa. Ka yarda mu kai shi asibiti."

"Malam ya ce kwana uku. Yau kwana ɗaya. Kuma da me za ku kai shi? Ko gyaɗar ba a sayar ba."

Matar ba ta iya buɗe baki gaban surukinta. Abin da ta yi shi ne ta ɗauko tasar nan da tsummokaran dare ta ajiye gaban uwar mijin, ta koma gefe. Uwar ta duba, ta ɗauka da kanta ta kai gaban maigidanta, ta ce, "Malam, dubi abin da ya fita jikin yaron nan." Bai ƙara yin gardama ba. Aka jinginar da awaki biyu wajen maƙwabci, ƙarfe 5:00 suka ɗora shi a babur, ɗan acaba a gaba, shi a tsakiya, ƙanen a baya yana riƙe da shi.

## Alhamis, ƙarfe 6:00 na yamma: ƙaramin asibiti

Ma'aikaciyar jinya ɗaya ce a bakin aiki. Ta auna hawan jininsa 100 bisa 60, bugun zuciya 108 a minti. Ta buɗe ƙasan idonsa ta ga ya yi fari. Ta cire tsummokaran ta sa auduga mai tsabta ta danne tsagar. Sannan ta ɗebi jini kusan mililita 2 daga jijiyar hannu, ta zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, ta ajiye a kan tebur, ta duba agogo, ta hana kowa taɓawa.

Wannan gwaji ba ya buƙatar wuta ko na'ura. Likitocin da suka yi aiki kan saran kububuwa a Arewacin Najeriya a shekarun 1970, cikinsu har da David Warrell ɗan Ingila da ya zauna a Zariya, su suka bayyana shi, kuma har yau da shi ake aiki a ƙasashe da yawa. Sharaɗinsa kwalbar ta zama ta gilashi, don gilashin ne ke tayar da daskarewa. Ta roba, ko wadda aka wanke da sabulu, tana iya nuna jinin mai lafiya kamar marar daskarewa.

Minti 20 na cika ta kira ƙanen, ta karkata kwalbar a gabansa. Jinin ya gangaro kamar ruwa.

"Malam, ka gani? Jinin mai lafiya da yanzu ya sandare. Dafi na nan a jikin yayanka, kuma ba ni da maganinsa a nan. Sai Kaltungo, yau ɗin nan."

Ta sa masa ƙarin ruwa, ta ba shi farasitamol, ta karɓe ragowar ibuprofen ɗin. Ba ta yi masa allura a tsoka ba. Ta sa aka yanko karan dawa, ta jera a gefen ƙafar daga cinya zuwa dunduniya ta naɗe da bandeji sakwa-sakwa, irin karan ɗori, don kada ƙafar ta riƙa motsi. Ta rubuta takarda mai ɗauke da lokacin sara, da duk abin da aka yi masa a gida, da sakamakon gwajin. Ta ce ba zai sake hawa babur ba. Neman mota ya kai su 8:30, sai aka sami wata a-kori-kura da ta sauke buhunan masara, aka shimfiɗa masa tabarma a baya aka kwantar da shi ta gefen hagu, don in amai ya zo kada ya shaƙe shi.

## Daren Alhamis zuwa Juma'a: makari

Sun isa Kaltungo ƙarfe 10:15 na dare. Hawan jini 90 bisa 60, bugun zuciya 116. Awon jajayen ƙwayoyin jininsa kashi 24 cikin 100, alhali na lafiyayyen namiji yakan kai 40 ko fiye. Kewayen sha-raɓar dama santimita 41, ta hagu 34. An sake gwajin kwalba, bai daskare ba. Ƙanen ya miƙa buhun macijiyar, wadda ta riga ta fara wari. Wani ma'aikacin asibitin ya leƙa ya ce, "Ita ce. Amma ko ba ku kawo ba, jininsa ya riga ya gaya mana."

Makarin dafi daga jikin dabba ake samo shi. Ana yi wa doki ko tunkiya allurar dafi kaɗan-kaɗan har jininsu ya samar da garkuwa, sai a tace garkuwar a zuba a kwalba. Saboda haka kowane makari yana aiki ne a kan dafin macijin da aka yi shi dominsa. Akwai iri biyu da aka yi da dafin macizan Najeriya: EchiTAb-G, da ake yi a Birtaniya da jinin tumaki, na kububuwa kaɗai, da EchiTAb-Plus, da ake yi a Kosta Rika da jinin dawaki, wanda ya haɗa kububuwa da kasa da gamsheƙa. A Kaltungo aka gwada su a kan mutum 400, aka fitar da sakamakon a 2010. Muhimmancin dacewar makari da maciji ya fito fili a wani asibitin karkara a Ghana, inda aka sauya makari mai aiki da wani da aka yi a Indiya wanda bai dace da kububuwar yankin ba, mace-mace suka tashi daga ƙasa da kashi 2 zuwa kashi 12 cikin 100.

Ƙarfe 10:40 aka fara ɗiga masa kwalba uku na EchiTAb-Plus cikin ƙarin ruwa, sa'o'i 29 cif bayan sara. Bayan kamar minti 15 ya fara sosa wuya, borin jini ya feso masa a ƙirji, ya kama tari. Aka tsayar da ruwan, aka yi masa allurar adirenalin, maganin gaggawa na irin wannan borin jiki, miligiram 0.5 a cinya, aka danne wurin da auduga na tsawon lokaci saboda jinin, aka ƙara da maganin ƙaiƙayi. Ƙanen ya firgita, ya ce a cire, maganin bai karɓe shi ba. Aka fahimtar da shi cewa irin wannan yakan faru saboda daga jinin dabba aka tato maganin, shi ya sa ake zama kusa da majinyaci da adirenalin a hannu, kuma ba dalilin fasawa ba ne. Da jikin ya lafa aka ci gaba a hankali, ruwan ya ƙare ƙarfe 12:00.

Kafin ƙarfe 1:00 dasashi ya daina jini. Tsagar ta rage tsattsafo amma ba ta tsaya ba.

Daga nan sai jira. Makari yana kashe dafin da ke yawo a jiki ne kawai, ba ya mayar da sinadaran da suka ƙare. Hanta ce ke ƙera sababbi, kuma tana buƙatar kimanin sa'o'i 6. Ƙarfe 6:00 na safiyar Juma'a aka sake gwajin: har yanzu tsararo. Aka maimaita kwalba uku daga 6:30 zuwa 7:30, wannan karon ba tare da wata matsala ba. Awon jininsa ya sauka zuwa kashi 19, aka gwada na ƙanen ya dace, aka ƙara masa leda ɗaya bayan makarin ya shiga. An jinkirta ƙarin jinin ne da gangan, don in dafi na nan da ƙarfinsa, sabon jinin ma cinye shi zai yi.

Ƙarfe 1:30 na rana, ana shirin tafiya masallaci, aka kifa kwalbar gwaji. Jinin ya tsaya cak, gudaji ɗaya. Ƙanen ya ce sai da ya roƙi a bar shi ya riƙe kwalbar da hannunsa.

## Asabar zuwa Alhamis ta gaba

An ci gaba da gwajin kullum na kwana uku, don dafin da ya taru a naman ƙafa yakan ci gaba da shiga jini, wani lokaci daskarewar ta sake ɓacewa. Nasa bai sake ba. Fitsari ya washe ranar Lahadi, yawansa kuma bai ragu ba, alamar ƙoda ta tsira. Sai da jini ya fara daskarewa aka yi masa rigakafin ciwon sarƙe-haƙora.

Ƙafar ce ta daɗe. Bororo biyu sun fito a saman ƙafar, uku daga cikin tsagar shida sun yi mugunya, aka sa shi a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta ana wanke ciwon kullum. An yanke ɗan ruɓaɓɓen nama kamar faɗin naira ɗaya ta ƙarfe a inda tsaga biyu suka haɗu. Kumburin ɗuwawu ya hana shi kwanciya ta wannan gefen har mako guda. An sallame shi ranar Alhamis, kwana takwas bayan sara, awon jininsa kashi 27, da maganin ƙarin jini na wata uku.

## Bayan sallama

Kwana biyu da komawarsa gida zazzaɓi ya rufe shi, da ƙaiƙayi da ciwon gaɓoɓi. Masu dubiya suka ce dafin ne ya dawo, a sake kiran mai magani. Amma an riga an gaya musu a asibiti cewa hakan na iya faruwa cikin mako ɗaya zuwa biyu bayan makari. Suka koma wurin ma'aikaciyar jinyar nan, ta gwada jinin ya daskare, ta ba shi magani na kwana biyar, ya wuce.

Ciwon ƙafar ya rufe bayan mako biyar. Ya koma gona a mako na bakwai, an riga an gama girbi. Awakin biyu ba su dawo ba, rabin harawar kuma dabbobi sun cinye. Tabon haƙoran sai an nuna wa mutum, na tsagar kuwa a fili yake, kuma har lokacin da muka yi magana ƙaramin yatsansa bai gama dawo da ji ba. Ya sayi takalmin ruwa mai dogon wuya, kuma yanzu da sanda yake ture tsibin harawa.

## Abin da ya gaza, da abin da ya yi aiki

Babu ko mutum ɗaya a wannan labari da ya nufe shi da sharri. Kowa ya yi iya abin da ya sani ne. Amma gaskiya ita ce duk abin da aka yi masa cikin sa'o'i 24 na farko, in bai ƙara masa ciwo ba, to ya ci masa lokaci.

Robar ba ta hana dafi tafiya ba, gwajin kwalba ya nuna haka. Abin da ta hana shi ne jini ya isa ƙafar, ta tsare naman da dafin ke ci ba tare da iska ba har sa'a uku. Da ta kwana a ɗaure, da maganar yanke ƙafa ake yi. Tafiyar kilomita ɗaya da rabi kuwa ta taimaki dafin, domin motsin tsoka ne ke tura shi sama. Tsagar ita ce mafi muni. Dafi yana nutsewa cikin nama, reza ba ta cim masa, sai dai ta buɗe ƙofa shida ga jinin da ya daina daskarewa, ta kuma shigo da ƙwayoyin cuta. Baƙin dutsen ba dutse ba ne ma, ƙashin dabba ne da aka ƙone, mai ƙananan ramuka, zai manne a kan duk wani ciwo mai danshi ko da maciji bai je kusa ba. Amai bai fitar da komai ba sai ruwan jikinsa. Diclofenac da ibuprofen, da ɗan'uwansu asfirin, suna raunana ƙwayoyin da ke toshe rauni, suna kuma iya jawo zubar jini a ciki da lahanta ƙoda. Allurar ɗuwawu ta zama ƙofa ta bakwai.

Ina ganin ya kamata a yi wa mai maganin adalci, don in ba a fahimci dalilin da ya sa ake yarda da shi ba, ba za a iya shawo kan kowa ba. Macizai da yawa ba su da dafi, mai dafin ma wani lokaci yakan sara bai zuba ba. Duk waɗannan za su warke ko an ɗora dutse ko ba a ɗora ba, kuma su ne shaidunsa. Sannan yana kusa, yana zuwa har gida, ana iya biyansa bayan girbi. Abin da na fi jin ciwonsa daga gare shi ba rezar ba ce, kalmar "kwana uku" ce. Ya gane kububuwa ce tun ƙarfe 7:30 na daren Laraba. Da a lokacin ya ce a kama hanya, babu wanda zai yi masa musu a gidan.

Sunan gobe-da-nisa ma yana da nasa laifin. Yana sa a ɗauka wanda ya kwana ya tsira. Mutumin nan ya ga goben, ya sha kunu, ya amsa gaisuwa, alhali jininsa ya riga ya zama ruwa. Amma wannan jinkirin na dafin shi ne kuma ya ba shi dama: makari ya yi aiki ko bayan sa'o'i 29, don haka wanda ya makara kada ya ce ya riga ya makara ya zauna gida. Ba kowane maciji ke ba da wannan sarari ba. Masu dafin da ke shanye jiki, wanda alamarsa ta farko ita ce fatar ido ta riƙa rufewa da kanta, suna iya tsayar da numfashi cikin 'yan sa'o'i.

Taimakon farkon da ya dace a gonar nan bai buƙaci komai ba sai abin da ke wurin. A ja shi nesa da macijin a kwantar da shi, a kwantar masa da hankali, a cire zobe ko agogo ko duk abin da zai matse in kumburi ya zo, a yi wa ƙafar karan ɗori sakwa-sakwa, a duba lokaci a riƙe, ƙanen ya ruga ya kira mutane su ɗauke shi, a nufi asibiti kai tsaye. In zafi ya dame shi, farasitamol kaɗai. A bar macijin ya tafi: minti 20 ɗin da aka ɓata a kansa bai ƙara wa likita komai ba, kuma da ya sari ƙanen da majinyata biyu za a ɗauko. Karan dawar da ma'aikaciyar jinya ta yi amfani da shi bayan kwana guda yana nan tsaye a gefen gonarsu tun farko. In gamsheƙa ce ta tofa dafi a ido, nan take a wanke da ruwa mai yawa, a daɗe ana zubawa, sannan a tafi asibiti.

Abubuwa uku suka cece shi. Matar da ta lura jinin bai yi gudaji ba, ta kuma sami hanyar da za ta sa a gani. Ma'aikaciyar da ta yi gwajin kwalba ta nuna wa ɗan'uwansa da idonsa, ba ta riƙe shi ya kwana ba. Sai makarin da ya dace da macijin, a hannun waɗanda suka san a jira sa'o'i 6 a sake gwadawa a maimaita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara a duniya sanadin saran maciji. A 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, a 2019 kuma ta sa burin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. Daga abin da na gani a wannan lamari, wani ɓangare na wannan buri yana tsakanin kilomita 9 da kilomita 45. Ƙarfe 6:20 na yammacin Alhamis ma'aikaciyar nan ta riga ta san ciwon, ta san maganin. Da tana da kwalaben, da firijin da zai riƙe su da sanyi, da adirenalin, da horon ba da shi, da an fara masa makari sa'o'i huɗu kafin lokacin da aka fara, kuma da bai yi tafiyar dare a bayan a-kori-kura da jinin da ba ya daskarewa ba. Lokacin da na koma ƙaramin asibitin, kwalaben gwaji na nan a cikin kwali a kan teburinta, makari babu.